Hamma Sale, Ungozomar Tarwaɗa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sale, mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a Tumfure. Lokacin da ya gina kwamin kifinsa, gonakin masara ne kewaye da shi, mu kuwa a Bagadaza muna yi masa tsiya wai ya koma daji yin ungozoma.

Aikin kuwa ya iya shi. Yakan ce ƙwan yana cikin uwa tuntuni, nuna ce ba ta zo ba. Sai ya yi wa macen allura ya jira. A matsa cikin da wuri a samu ɗanye, a makara ya lalace. Sauri ya haifi nawa, in ji shi. In ya nuna, sai ya tatse shi a roba, ya yanka namijin ya zuba ruwansa, ya gauraya da gashin kaza, sannan ya ƙara ruwa.

Da ya rasu, dangi suka ce a sayar da filin tunda masu gini sun matso. Matarsa, Adda Jummai, ta ce a bari ta gwada, da sana'ar nan za ta riƙe marayunta. Sau biyu ƙwan yana yin fari fat, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Baffanmu ya ce in na uku ya ƙi, magana ta ƙare.

Ashe tsafta ce ta cuce ta. Adda ba ta taɓa kwano sai ta ɗauraye. Shi kuwa ƙwai, da ya ji ruwa sai ya kumbura ya rufe ƙofarsa, ruwan namiji ya rasa hanya. Oga Emeka, abokin Hamma mai sayar da abincin kifi, shi ya gano. Ya ce, "Madam, Sale da rigarsa yake goge robar nan."

Ta ce, "Ni da na yi shekaru ina yi masa faɗa a kan ƙazantar nan."

A karo na uku ta goge robar ta bushe kafin ta tatsa. Da ta kira ni, na tarar da 'ya'yan kifi suna motsi kamar guntayen zare. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Da Hamma zai leƙo Tumfure yau, da ya ɓata, don benaye sun cinye masarar. Amma na san dariya zai yi in ya ga masu kiwo daga Gabukka suna sallama a ƙofar Adda, 'yarsa Hafsatu kuma tana tatsar uwar tarwaɗa.

Bai bar dukiya ba, ya bar aikin da ya riƙe gidansa. Allah Ya jiƙanka, Hamma. Filin yana nan, yaranka a cikinsa suka girma.