Faransancin da Mushe Ya Gada

A asibitin da yake aikin tafinta, kowa Mushe yake kiransa. Haka masu jin Faransanci ke ce wa namiji in za su girmama shi, amma kakarsa ce ta liƙa masa sunan ranar da ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mun tura mai rai, an dawo mana da mushe." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, sai dai tasa ba ta kai ciki ba.

Aikinsa shi ne tsayuwa tsakanin marasa lafiya da likitocin da suka zo daga waje. Ofishinsa wani lungu ne kusa da ɗakin awo, da fanka mai kuka da kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Likitocin na mamakin bakinsa. Ya san gaisuwar babba, ya san inda ake sassauta murya kafin a faɗi mummunan labari, ya san wasan da ake yi da abokin aiki da wanda ba a yi. Wata likita ta taɓa ce masa, "Wannan ba a aji ka koye shi ba." Ya ce haka ne, ya kawar da zancen.

Lokacin da ya tafi yana saurayi, Faransancin littafi ne fal cikinsa. Harshen kuwa yana da "kai" iri biyu: tu na 'yan gida da abokai, da vous na girmamawa, kamar yadda muke ce wa manya "ku". Da zuwansa ya ce wa shugaban sashensu "kai", ya ce wa yaron da ko wando bai iya sawa ba "ku". In ya shiga kanti sai ya jero jimla kamar mai karanta jawabi, mai kanti ya saki baki yana kallonsa.

Tsohuwar da ya kama ɗaki a gidanta ce ta gyara masa harshe, a kan teburin cin abinci. "Ba a faɗa wa kanti da 'ba ni', gaisuwa tukuna," haka za ta ce tana nuna shi da cokali. "Waccan kalmar kuma ta 'yan tasha ce, kar in ƙara jin ta." Ita ta koya masa yadda ake ƙin ƙarin abinci ba a ɓata wa mai girki rai ba, da abin da ake cewa a gidan rasuwa. "Ku" yake ce mata, "ku" take ce masa.

Ɗakin da yake kwana na ɗanta ne, wanda ya rasu a haɗarin babur tun Mushe yana goye. Takalmansa na ƙwallo suna nan a ƙarƙashin gado, fatar ta bushe ta tsage.

Ana nan sai ƙwaƙwalwar tsohuwar ta fara ruɗewa. Wata safiya ya gaishe ta, ta ajiye kofin shayi ta kira shi da sunan ɗan nan.

"Tun yaushe kake ce wa uwarka 'ku'? Fushi kake da ni?"

Ya yi ƙoƙarin tuna mata ko shi wane ne. Ta fashe da kuka, ta wuni ba ta sa komai a baki ba. Washegari ya daure ya ce mata "ke". Kalmar ta yi masa nauyi kamar dutse, amma ta cinye abincinta tas.

Daga nan karatun ya sauya. "Ba haka kake faɗa ba," in ji ta, "kai da kake haɗiye rabin kalma." Ta koya masa sunan wasan da ɗan ke kiranta da shi, da yadda yake tsokanarta, da yadda yake mita in miya ta yi gishiri. Mushe ya ƙware. A makaranta abokai suka riƙa dariya, wai zancensa irin na samarin da ne, na zamanin iyayensu.

Wata rana da la'asar 'yar tsohuwar ta zo daga wani gari, ta buɗe ƙofa da makullinta. Yana kicin yana lallashin uwar ta sha magani. Da ya fito sai ya tarar da 'yar jingine da bango, jakarta a ƙasa.

"Wa ya koya muku maganar yayana?"

"Mama ce."

"Kar ku ƙara." Sannan ta ce a hankali, "A'a, ku sake faɗa in ji."

Ya sake. Ta toshe baki da hannu.

Ba a daɗe ba aka ɗauke tsohuwar zuwa gidan kula da tsofaffi. Ba a gaya masa inda yake ba, shi ma kunya ta hana shi tambaya. Da motar za ta tashi, tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce masa don Allah kar ya yi gudu da babur.

Ya dawo gida, ya yi aure, ya haihu. Faransancin aiki kawai yake yi, na gidan tsohuwar kuwa ya binne shi. Sai da mahaifiyarsa ta kwanta a asibitin nan nasu, ɓarin jikinta ya shanye. Ƙannensa suka yi ta fama ta ci abinci, ta ƙi. Ya karɓi kwanon ya zauna a gefen gado. Shi ne ɗan fari, tsakaninsa da ita sai gaisuwa da kunya, ko sunansa ba ta faɗa. Ya laluba bakinsa bai sami kalmar lallashi ɗaya da Hausa ba. Kafin ya ankara, harshen can ya ɓalle da kansa, har da tsokanar, har da sunan wasan.

Ta buɗe baki ta karɓi cokalin. Ta haɗiye, ta ƙura masa ido.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Ba kai ba. Wanda ya yi magana yanzu." Ta numfasa. "Yaron kirki ne, amma ba nawa ba ne. Yana da uwa?"

Ya ce, "Yana da ita."

"To ka ce masa ya je wurinta, tana jira."

Ya miƙa wa ƙanwarsa kwanon, ya fita baranda ya daɗe a tsaye. Inna ta sami sauƙi, ta koma gida, kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Bana babbar 'yarsa ta sami gurbin karatu a can. Tana neman masauki, ya ce sai dai ɗakin kwanan ɗalibai, cikin sa'o'inta masu hayaniya.

"Baba, ai gidan haya ya fi shiru."

"Shirun ne ba na so," in ji shi.