Neman Auren Sule a Gindin Dandalin Nyu Bel

Garwa zuwa Yawunde

Mun bar Garwa ana sallame asuba, a saman lorin gyaɗa. Baffa ne ya aike ni Duwala in nema wa ƙanena Sule auren Falmata, 'yar Alhaji Bukar mai goro. Mu Fulani, su Barebari, kun dai san abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Sule tela ne a can, a unguwar Nyu Bel, amma bakinsa ya fi kekensa gudu.

A shingen Gaundare jandarma ya tambayi inda na nufa. Direba ya riga ni: "Mariyaj, shef." Jin an ce aure da Faransanci, jandarman ya dubi ƙurar da ke gemuna, ya yi dariya ya ɗaga mana sanda. Muka kwana Yoko a ƙarƙashin motar saboda ruwa, washegari jirgin fito ya haye da mu kogin Sanaga.

Jirgin ƙasa

Daga Yawunde na shiga jirgin safe. A Edeya na sayi rogon nan da suke naɗewa a ganye, na ci rabi don yunwa, rabin na ba maƙwabcina don Allah. Da la'asar muka shiga Duwala, zafinta mai danƙo, riga ta manne mini a baya.

Nyu Bel

Sule ya tare ni da rungumar da ta kusa karya ni. A hanya ya ce makon wasanni ake yi. Turawa na nasu a babban zaure cikin gari, 'yan unguwa kuma sun jera katako bisa ganguna a filin wani kafinta. Gobe na su Sule ne, wasa da waƙa, shi zai fito a Babarbare mai goro, sarkin rowa.

Na tsaya cak. "Sule, uban yarinyar za ka kwaikwaya?"

"Yaya, ai Falmata ce ta koya mini tafiyarsa."

Wasa da Babarbare halal ne gare mu, amma wanda kake neman 'yarsa, ko sunansa ba ka kamawa.

Washegari bayan azahar fili ya cika, ƙabilun Basa da Bamileke, mutanenmu, kowa. Ga Alhaji Bukar a kujerar gaba. Sule ya fito da matashin kai cushe a cikin riga kamar tumbi, ya zana tsagen Barebari da gawayi, yana yayyafa wa goro ruwa yana yi masa waƙar rarrashi kamar jariri. Baƙi na sallama, sai ya cusa goron a hula, 'yan amshi su ɗauka da Hausa su sauke da Faransanci. Mata har riƙe ciki suke. Alhaji ko murmushi. Ni kuwa ina ta tunanin abin da zan faɗa wa Baffa.

Ana gamawa na je na durƙusa. "Alhaji, a yi haƙuri, yarinta ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Bafillace, ka sha hanya don ka ba ni haƙuri, ko don ka nemi aure?"

"Aure, Alhaji."

"Na ba shi. Amma daga ranar ɗaurin aure suruki ne, ko idona ba zai sake kallo ba. Wa zai riƙa tsokanata a unguwar nan? Ce masa ya hau ya maimaita, yau ce ta ƙarshe."

Sule ya sake hawa. Ya rera har ƙarshe, Alhaji na dariya yana share ido da gefen rawani. Ni ma sai da na yi ƙwalla, ba zan ɓoye muku ba.

Gida

Na iso Garwa lafiya ranar kasuwa, na durƙusa gaban Baffa na ce an ba mu. Allah ya saka wa mutanen Nyu Bel da suka ciyar da ni, godiya ta tabbata ga Wanda ya kai ni ya maido ni.