Marfin Jar Fata

Innata ta rasu ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, ina aji uku a makarantar kwana ta 'yan mata a Zariya. Da na ga fuskarta ta fara dusashewa a zuciyata, sai na kama zana ta da fensir a duk takardar da na samu. Na zana ta tana tankaɗe, na zana ta tana dariyar nan da take rufe baki da gefen mayafi. Amma takardun a warwatse suke. Ɗaya ta jiƙe, ɗaya iska ta kai ta garken awaki.

Da aka yi hutun damina na koma Kudan, na tafi wurin ƙanen kakana, tsohon baduku ne mai rumfa a bakin kasuwa. Shi ke yi wa malamai marfin littattafai da gafaka. Na ce masa ina so ya koya mini ɗinke takardu su zama littafi.

"Ke 'yar boko," ya ce, "wa ya gaya miki ana huda takarda? Mu jera ta muke yi, mu rufe, mu ɗaure. Takarda ba takalmi ba ce."

"Tsoho, ka ce dai ba ka iya ba."

"Ni? Tun ubanki na yawo ba wando nake riƙe da basilla. Zauna."

Ya koya mini ninke takarda huɗu-huɗu, a murza bakin ninkin da gindin cokali har ya kwanta. Ya koya mini goga zare da kakin zuma don kada ya ci takardar. Huda biyar ake yi a cikin ninkin, a shiga ta tsakiya, a fito, a koma, a ƙulle inda aka faro. Rana ta farko na ja zaren da ƙarfi, takarda ta yage. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "Yadda kike yi wa jaririya kitso, haka za ki ja." Bai taɓa buɗe ninkin ya duba abin da na zana ba, ni ma ban nuna masa ba.

Da muka zo marfi, ya ɗauko jar fatar akuya da ya ɓoye, mai laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Muka manna ta a kwali da ƙaro, ya sa na buga mata adon da yake yi wa littattafan malamai, don shi ne kaɗai adon da ya sani. Na rungumo littafin zuwa gida ina jin kamar na gina wa Inna ɗaki.

A makaranta ana binciken akwatuna, sai na bar shi a ɗakin kakata, ƙarƙashin tabarma. Kaka ba ta karatu. Ta tsinci jar fata mai ado a ƙasa, hankalinta ya tashi. Ta yi alwala, ta ɗauki littafin da hannu biyu, ta ɗora shi can sama cikin littattafan marigayi mijinta. Ba ta buɗe ba, don a ganinta ba irinta ke buɗe irinsa ba.

Kafin in dawo daga makaranta, baffannina suka yanke shawarar ba da littattafan kakan sadaka ga masallacin unguwa. Nawa ya bi su. A can aka buɗe shi gaban mutane, aka ga fuskar mace, shafi bayan shafi, cikin rigar littafin addini. Aka ce a ƙona takardun, amma marfin ya yi kyau, kuma akwai wani littafin addu'o'i da ya daɗe ba shi da sutura. Aka aika wa baduku ya warware ɗinkin.

Ranar da na iso, Kaka ta ba ni labari tana murna cewa ta tsamo littafin Allah daga ƙasa. Sauran labarin a rumfar tsohon na ji shi. Ya ƙi haɗa ido da ni.

"Ka gan ta?" na tambaye shi.

"Na gan ta. Har wushiryar."

"Ko ɗaya ba ka ɓoye mini ba?"

"Liman na tsaye a kaina, jikata." Ya yi ta juya basilla a hannunsa. Can ya ce, "Ɗinkinki ya yi kyau. Sai da na sa wuƙa sau biyu."

Na san yabo yake nufi. Na tashi ban yi masa sallama ba, kuma har ya bar duniya ban sake zama a rumfarsa ba.

Hannuna bai manta ba. Har yau ina ninke huɗu-huɗu, ina goga zare da kaki, amma da baƙin ƙyalle nake rufe littattafaina. Na sha buɗe sabo in ɗora fensir. Mayafin yana fitowa, da hannun da ke riƙe da shi. Abin da ke bayan mayafin ne ya ƙi zuwa.