Ranar da Aka Zuba wa Kanal Guba

Wata Laraba ce da hantsi, cikin ranin shekarar da na shiga aji huɗu, na kai wa Baba koko bakin kanal ɗin da ya ratsa bayan ƙauyenmu a ƙasar Bunkure. Ban same shi a wurin zamansa ba, ya shiga gona. Ruwa kuwa ya yi fari fat. Karfasa da tarwaɗa, manya da 'yan mitsi-mitsi, duk sun juya ciki sama, ga wari mai hawa kai irin na maganin feshin tumatir. A kan kwalbati Sale ne tsaye, wani saurayi daga ƙauyen gabanmu, yana tsiyaya galan cikin ruwa, abokansa biyu suna kwasar kifin da kwando.

Baba manomin tumatir ne, amma fatsa ce abin sonsa, kuma da yake bai samu ɗa namiji da wuri ba, ni ya koya wa. Idan na gama wanke-wanke na ba awaki dusa, sai in bi shi gindin darbejiya inda masu fatsa ke haɗuwa bayan la'asar, kowa na faɗin abin da ya gano: inda tarwaɗa ke kwanciya idan an rage ruwa, da lokacin da karfasa ke tasowa kama ƙwari. Shi Baba ba ya amfani da tana. Gashin zabo yake ɗaura wa ƙugiya da zaren ɗinki har ta yi kama da ƙwaron shinge, ya wurga, ya riƙa ja a hankali bisa ruwa. Dokar masu fatsar ita ce ƙaramin kifi da mai ƙwai a mayar da su. "Uwata," yakan ce da ni, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wanda kika saki yau, shi zai cika kanal baɗi."

Ranar Larabar nan kuwa, ban san lokacin da na yar da kwanon koko na cakumi galan ɗin ba. Sale ya kifa mini marin da ya sa na ga wuta, na faɗa kan simintin kanal, goshina ya tsage, jini ya rufe mini ido. Ihuna ne ya fito da Baba. Ban taɓa ganinsa ya ɗaga wa kowa murya ba, amma ranar ya karya gorar fatsarsa a gadon bayan Sale, ya shaƙe shi, suka gangara cikin ruwa suna kokawa tsakanin matattun kifi. Sale ya zaro lauje daga ƙugunsa ya kai sara. Baba ya tare da hannun dama. Na ga ruwan ya yi ja, na ga Baba ya ɗago hannu babu yatsu biyu, amma bai saki wuyan rigar Sale ba sai da manoma suka iso da fartanya. Sun yi wa Sale dukan da ya zubar masa da haƙora, da kuma sun kashe shi ba don Baba ya kwanta a kansa ba, jini na zuba, yana cewa, "Ku bari, ɗan wani ne!"

Kafin azahar shanun wani makiyayi da suka sha ruwan a can ƙasa sun faɗi suna kumfa. An kai Sale gaban hukuma, ya yi zaman kaso. Baba ya warke, sai dai ɗaurin ƙugiya ya gagare shi, ni nake ɗaura masa har aka yi mini aure.

Bana na je gida da jikata Hauwa. Kanal na nan, amma robobin maganin feshi ne ke yawo a kai, kifin da ake soyawa a kasuwa kuma na kiwo ne. Muka tsaya a kwalbati ta leƙa ta leƙa, sannan ta ce, "Hajiya, ina kifin?" Na rasa abin da zan nuna mata. Mutanen da suka zubar da jini saboda ruwan nan duk sun kwanta dama, Allah ya jiƙansu.