Ashe ni ma na fice daga tarayya

Muna tsaye a danja kan hanyar Al Wukair, a nan ƙasar wajen da na zo ci-rani, ina tuƙa injiniyan kamfaninmu ɗan Ingila, sai ya ce shi ma ya jefa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai. Wai ya gaji da wasu can a wata ƙasa suna tsara masa rayuwa.

Ai kuwa na gyara zama na hau yi masa wa'azin haɗin kai, har da nuna yatsa.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ku shida ne a ɗakinku na unguwar Mansura, ko? Tukunya ɗaya kuke ci?"

Nan take na tuna. Watan jiya na fice daga girkin haɗaka, saboda 'yan Zangon Ghana sun fi mu yawa a ɗakin. Kullum aka yi ƙuri'a, banku, abincinsu na ƙullu mai tsami, shi ke cinyewa, ni kuwa tuwo nake so.

Da na faɗa masa, ya yi dariya har da buga gwiwa.

"To, yanzu tuwon kake ci?"

"Taliyar yara, Yallaɓai. Ban iya tuƙa tuwo ba."

Jama'a, in koma in ba su haƙuri ne, ko in ci gaba da cin 'yancin kaina da cokali mai yatsu?