Yadda Muka Kai Inna Tsibirin Jabba

Magariya zuwa Kano

Bayan sallar asuba muka bar Magariya a kan jakai, ni da Inna. Wani fatake ne ya kawo labari cewa ƙanena Sale, wanda ya gudu daga aikin dole na Faransa, yana kwance a tsibirin Jabba, ciwo ya ci ƙarfinsa. Inna ta yi fushi da shi ranar da ya gudu bai yi mata sallama ba, ta ce ba ta yafe ba. Yanzu so take ta same shi da rai ta janye maganar.

Lokacin yaƙin Turawa ne, an rufe iyaka. Muka ratsa ta gonakin gero don kada gardi masu tsaronta su gan mu. A Ɓaɓura muka hau kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Duk inda ya karkata cikin rairayi sai kowa ya diro, kamar yadda aka saba a wajenmu.

Kano zuwa Jabba

A jirgin ƙasa Inna ba ta ci komai ba sai dabino, carbi a hannu. Da hantsi muka ga Kwara, uwar koguna. A lakwal, wato makarantar boko, na san ta a taswira, siririn zare. Ashe ta rabu biyu ta rungume gari guda, da masallacinsa da rumfunan kifi, ga wani dutse tsaye cikin ruwa wanda mutanen wurin ke tsoro tun kakanni. Gadar Turawa ta bi ta kan tsibirin, amma soja na bakinta suna tsare talakawan Faransa irinmu. Sai muka sauka daga jirgi muka gangara bakin ruwa.

Wani Banufe mai kwalekwale ya dube mu.

"Iya, kin taɓa shiga ruwa?"

"Na taɓa shiga tafki."

"To, wannan ba tafki ba ne. Ki zauna kamar an dasa ki."

A tsakiya igiyar ruwa ta karkata mu. Inna ta yi abin da ta sani: ta miƙe za ta diro. Ruwa ya kwararo ciki. Na rungume ƙafafunta ina salati.

"Zauna, Iya! Nan babu ƙasa!"

Ta faɗo jikina. Da ƙwaryar guzurinmu na riƙa kwashe ruwa har muka taɓa gaɓa.

Tsibiri

A ɗakin wani masunci muka same shi, ya rame har na kasa gane shi.

"Inna, ke ce? Ta ina kika biyo?"

"Ta inda ka sa ni, ja'iri." Ta dafa goshinsa. "Na yafe maka, Sale, duniya da lahira."

Washegari da la'asar ya cika. Masuntan suka yi masa sutura kamar ɗansu.

Gida

Mun iso Magariya lafiya, godiya ga Allah, da Banufen da ko sunansa ban tambaya ba. Mata suka cika gida gaisuwa, ana kuka. Inna kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Ya ji da kunnensa."