Kawu ba ya hawa rufi da takalmi

Jiya na cire takalmi zan hau rufin wani karafan, irin ɗakin nan da mota ke ja, sai mai shi ya ce, "Ya mu'allim, ƙarfen nan da zafi fa." Nan take Kawu ya faɗo mini a rai. Bana shekararsa huɗu da rasuwa.

A garejinsa na unguwar Tandabawi a Makka na koyi aikin. Wata shekara gab da Hajji aka kawo wani karafan da ma'aikata za su zauna ciki a Muzdalifa. Na sake fenti, na ɗora sabon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a sama, na ce na gama. Kawu ya zare silifas, ya hau tsani da tsufansa, rana tsaka, rufi na ƙuna, fenti na wari. Ya taka a hankali, ya tsaya daf da mukayyif.

"Kai, ɗana, zo ka taka nan."

Na taka, wurin ya lotsa kamar burodi. Ruwan tsohon mukayyif ya ruɓar da katakon ciki. Da an ja karafan a hanya, sabon zai rufto kan mutum.

"Fenti ido yake ruɗa," in ji shi. "Ƙafa ba ruwanta da fenti."

Bai yi mini faɗa ba, guduma kawai ya miƙo.

Allah ya jiƙan Kawu. Ƙafafun nan da suka sha ƙuna saboda mutanen da bai sani ba, Allah ya sanyaya musu makwanci.